Tibin da ake hangen bayansa kamar gilashin taga, gaskiya ne ko haɗin bidiyo?

Dan_Jekadafari:
Slm jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah masu ilimin abin nan ku warware min wata magana, wani bidiyo ne yake ta yawo a status tun jiya, an nuna tibi kamar gilashin taga, mutum ya zagaya ya tsaya a bayansa ana ganinsa sarai, sai aka kunna kifaye suka fito suna yawo a jikin gilashin shi kuma mutumin yana nan a baya bai ɓace ba. Mun sha musu a majalisa, wasu sun ce editin ne irin na yaran yanzu, wani kuma ya rantse wai gilashin ne da kansa yake ba da hasken babu wata fitila a bayansa. Ni abin da ya ɗaure min kai, gilashi ai gilashi ne, ina zai samo haske? Kuma in ma gaskiya ne zai iya da zafin Gombe kuwa?

Sadiq_GSM:
Wslm. Ba editin ba ne oga, da gaske akwai shi. Kamfanin LG ne suka nuna shi a baje kolin CES na Las Vegas farkon 2024, inci 77, suna ce masa OLED T. Kafin su ma Xiaomi sun fitar da nasu mai inci 55 a China a 2020, kan yuan 49,999. Kawai dai ba irin kayan da za ka shiga babbar kasuwa ka ce a ɗauko maka ba ne.

Bappa_Kumo:
To shi na LG ɗin nawa suke sayarwa yaro

Sadiq_GSM:
Bappa dala dubu sittin ba ɗaya suka sa masa a ƙarshen 2024. In ka buga dala a 1,500 ka ga ana maganar miliyan casa'in kenan, ban da kuɗin jirgi da kwastan.

Bappa_Kumo:
Innalillahi. Miliyan casa'in a kan abin da ko labule bai kai rufe mutum ba. Ku ci gaba ina sauraro.

Abba_Sola:
Hhhhh Bappa kenan. Ni dai ban ga wani sabon abu ba a nan, tibin ɗakina ma LED ne, a jikin kwalin aka rubuta ɓaro-ɓaro, kawai murfin baya suka cire suka sa gilashi su ci kuɗin masu kuɗi.

Injiniya_Habu:
@Abba_Sola a'a ƙanina, kar ka je ka cire murfin naka ka jawo wa kanka asara. Abin da ake sayar mana da sunan LED a kasuwa LCD ne, LED ɗin fitilu ne kawai da aka jera a baya ko a gefe suna haska allon, shi allon ba ya ba da haske ko kaɗan, tacewa yake yi yana buɗewa yana rufewa. Shi ya sa in fitilun bayan suka ƙone za ka ji magana babu hoto, amma in ka haska tocilan ka matso kusa sai ka ga hoton yana nan dishi-dishi. Irin wannan gyaran shi ne ya fi yawa a shagona. OLED kuma daban ne, kowane ɗigo a jikin allon shi ke kunna kansa ya kashe kansa, babu fitilar baya sam, shi ya sa ma ake iya barin bayan a buɗe.

Malam_Kemistri:
Assalamu alaikum. Injiniya ya share min hanya, bari in ɗora daga inda ya tsaya, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Abokin naka da ya ce gilashin ne ke ba da haske yana da gaskiya ta wani gefen, amma ba gilashin da kake taɓawa da hannu ba. Wannan na wajen gilashi ne na yashi irin na taga, aikinsa kawai ya riƙe kaya ya kare su. Mai ba da hasken wani shafi ne siriri ƙwarai da aka shimfiɗa a jikinsa, na sinadarai masu kabon, gaba ɗaya kaurinsa bai wuce nanomita 100 zuwa 200 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Saboda sirancin nan haske yake ratsa shi.

To shi ma wannan shafin mu a kemistri gilashi muke ɗaukarsa, saboda ƙwayoyin cikinsa sun daskare ne a hargitse ba su jeru sahu-sahu ba. Ku ɗauki alewa, in aka narka sukari aka bar shi ya huce da sauri sai ya daskare garau kana hangen yatsanka ta ciki, amma in ya daɗe a wuri mai zafi da laima sai ka ga ya fara yin fari yana komawa tsaki-tsaki. Na farkon shi ake so a OLED, na biyun kuma shi ne mutuwar allo, domin da zarar ƙwayoyin sun fara jeruwa suna yin tsaki, shafin ya daina zama sumul, haske ya warwatse, lantarki ya samu wuraren da zai riƙa zurarewa, sai baƙin tabo ya bayyana.

Hasken kuma ga yadda yake samuwa: an sa shafin ne tsakanin faranti biyu masu ɗaukar wuta, ɗaya yana turo ilektron, ɗayan yana turo gurbin da ilektron ya bari, in suka haɗu a kan ƙwayar sinadarin sai ƙarfin haɗuwar ya fita a matsayin haske, launin kuma ya danganta da ginin ƙwayar. Waɗanda suka fara yin wanda ya yi aiki sosai da wuta kaɗan su ne Ching Tang da Steven Van Slyke a kamfanin Kodak a 1987, nasu kore yake bayarwa, da wani sinadari mai alminiyam a tsakiya da ake kira Alq3.

UmmuHanif:
Malam Allah ya ƙara basira, wlh da haka aka koya mana kemistri a sakandare da ban gudu art ba

Dan_Jekadafari:
Malam na gode ƙwarai. Amma ka ce faranti biyu masu ɗaukar wuta, ai ƙarfe ke ɗaukar wuta, ƙarfe kuma ba a gani ta cikinsa. To ya aka yi?

Malam_Kemistri:
Tambaya mai kyau. Akwai wani abu ITO, haɗin indiyam da kuza da iskar oksijin, yana ɗaukar wuta kuma ana gani ta cikinsa, shi ne ma ya daɗe yana aiki a jikin tacin waya. Ɗaya farantin kuma ana yinsa da ƙarfe siriri sosai har haske ya iya wucewa, ko shi ma a yi shi da irin su ITO ɗin. Sannan akwai dabarar da ba a faɗa a talla, kowane ɗigo an raba shi biyu, wani ɓangare mai ba da haske da ƙananan wayoyinsa, wani ɓangaren kuma an bar shi fili kamar 'yar taga. Shi ya sa ba garau yake kamar gilashin mota ba, kusan kashi 40 cikin ɗari na haske ne ke wucewa, in ka tsaya a gabansa kamar mai ɗan tinti yake.

Ardo_Billiri:
Tsaya Malam, kuza ka ce? Wato kuzar da Turawa suka yi ta kwasa a Jos tun ma Jos ɗin tana ƙarƙashin lardin Bauchi kafin a ware Filato a 1926, ita ce yau aka dawo mana da ita a jikin tibi a ce mu biya miliyan casa'in? Wannan ƙasa tamu sai addu'a wlh, komai muna da shi amma ko allura sai an kawo mana.

Injiniya_Habu:
Ardo kar ka ɗau zafi, kuzar ciki kaɗan ce, wajen kashi 10 ne, sauran kashi 90 ɗin na indiyam ne, shi kuma ba haƙa ake a same shi shi kaɗai ba, wajen tace zinc ake tsamo shi, China ce kan gaba a wannan. Kuma tsadar ba a ma'adinin take ba, a injinan take.

Ardo_Billiri:
Ko kashi ɗaya ne ai namu ne dai. Masaga a Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro tun kakanni, wa ya taɓa zama ya ce bari a ɗaga sana'ar nan ta zama masana'anta?

Abba_Sola:
To fa an koma siyasa. Ardo a bar mu mu gama da tibi tukuna dan Allah.

Sadiq_GSM:
Bari in faɗa muku wani abu da zai ba ku mamaki, da yawanku kuna yawo da ɗan'uwan wannan allon a aljihu ba ku sani ba. Duk wayar da ake ɗora yatsa a kan sikirin ta buɗe, irin wadda wurin yake yin haske fari ko kore in ka taɓa, to AMOLED ce, wato OLED na waya, kuma sikirin ɗin yana barin haske kaɗan ya ratsa, akwai 'yar kyamara a ƙarƙashi da take ɗaukar zanen yatsan ta cikin allon. In ka cire sikirin ɗin ka ɓare baƙar takardar bayansa ka ɗaga shi sama a rana za ka hangi haske ta ciki. Shi ya sa kullum muke rigima da kwastoma, sikirin ya fashe ka gaya masa kuɗin orijina ya ce ya yi yawa a sa masa kwafi, ka sa masa incell wanda LCD ne, gobe ya dawo yana kumfar baki wai ka lalata masa fingafirin. Ba lalatawa aka yi ba Alhaji, LCD yana da fitila da takardu a baya sun toshe hanyar, kyamarar ba ta ganin komai. Kuma wayar ta ƙara kauri, caji ya fi saurin ƙarewa, baƙi ya koma toka-toka. Har kyamarar selfi ma an sa a ƙarƙashin allo, ZTE Axon 20 a 2020 sai Samsung a Z Fold 3 a 2021, duk wannan dabarar ce ta barin 'yan tagogi.

UmmuHanif:
@Sadiq_GSM Allah sarki ashe haka ne. Tawa da ta faɗi ɗan tsagewa kaɗan ta yi a gefe, ina cewa ba komai, sai wani tabo ruwan shanshanbale ya fito yana ta faɗi yana ta faɗi kafin a ce me duk fuskar ta yi baƙi. Maigida cewa ya yi yara ne suka zuba mata ruwa har an yi musu faɗa.

Sadiq_GSM:
Adda a nemi afuwar yaran nan hhhh. Iska ce ta shiga ta wurin tsagewar, ba sai an zuba ruwa ba.

Malam_Kemistri:
Haka ne, manyan maƙiyan waɗannan sinadaran biyu ne, oksijin da laimar da ke cikin iska. Shi ya sa tun a masana'anta a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska ake yin aikin, a dafa sinadarin ya zama tururi ya je ya kwanta a jikin gilashin, sannan a like shi ruf. Da likin ya samu ƙofa ko ƙanƙanuwa ce, shikenan sai dai a ƙirga kwanaki.

Dan_Jekadafari:
To mu dawo kan zafi Malam, domin ka san watan Maris da Afrilu a garin nan sai a wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ba a magana.

Malam_Kemistri:
Nan ne maganar gilashin take da muhimmanci. Kowane irin wannan gilashin yana da wani mataki na zafi da in aka kai shi sai ya fara laushi ƙwayoyin su samu damar motsi, daga nan su fara jeruwa. Na farko-farkon da aka yi amfani da su akwai wani sinadari da ake kira TPD, nasa matakin digiri 60 da 'yan kai ne kawai, ka ga wannan ko a gaban mota ka bar shi da rana tsaka an rufe gilasai ka gama da shi. Aka koma NPB mai kusan 95, yanzu kuma kamfanoni sun fi neman waɗanda suka haura 100 sosai. Kenan digiri 40 ko 45 na ɗaki ba zai narka maka tibi ba, amma zafi yana rage masa kwana a hankali, musamman in ka ƙure hasken, domin shi ma allon yana ƙara nasa zafin a kai.

Binciken da ake ta yi kenan, a samu sinadarin da zai haɗa abu uku lokaci guda, ya daskare garau ba tsaki, ya ba da haske mai ƙarfi, kuma ya jure zafi shekara da shekaru. Wahalar ita ce da yawan sinadaran da suke haske sosai in suna narke a ruwa, da ka matse su wuri ɗaya suka daskare sai su riƙa kashe hasken juna, dole a riƙa barbaɗa kaɗan a cikin wani sinadarin daban da zai riƙe su nesa da juna. Akwai kuma abin da su Mark Ediger na jami'ar Wisconsin a Amurka suka nuna a 2007, cewa in aka bar tururin ya kwanta a hankali kan faranti mai ɗumi daidai gwargwado, gilashin yakan fito a matse ya fi jure zafi nesa ba kusa ba kan wanda aka narka aka sanyaya. Sinadari ɗaya ne, yadda aka shimfiɗa shi ne ya bambanta.

Sadiq_GSM:
Malam wannan ya sa na gane dalilin da ogana yake hana mu ƙure injin raba gilashi in AMOLED ne a kai, wajen 80 yake cewa a tsaya kuma kar a bar shi ya daɗe. Da cewa nake tsabar tsoron asara ne.

Goggo_Tudunwada:
Ni fa duk wannan lissafin naku bai dame ni ba, tambayata ɗaya ce, wa zai sa wannan a gidan aure? An ce wai a sa shi a taga ko a raba falo da shi. Wato baƙo yana zaune a falo yana kallon labarai yana kuma hangen matan gida suna kai da kawowa ta cikin tibi? Mu da muke neman labule mai kauri. Kuma in an sa a taga na waje ma ai yana kallo tare da kai.

Injiniya_Habu:
Goggo gaskiyarki, ta baya ma ana ganin hoton, sai dai a juye yake kuma bai kai na gaba haske ba. Ba don gidajenmu aka yi shi ba tsakani da Allah.

Usman_Alluna:
Ni harkar alluna nake, hayar sikirin na biki da taro da kamfen, bari in sa baki. Goggo ta faɗi gaskiya abin nan na kasuwanci ne. A China tun 2020 an sa irinsa a tagogin jiragen ƙasa na cikin gari a Beijing da Shenzhen, fasinja yana ganin waje yana kuma ganin taswirar tashoshi a jikin tagar. Mai shagon gwal ko turare ko gidan tarihi, ka sa kaya a baya rubutu da farashi suna yawo a gaba, nan ne yake da amfani. Amma ku bambanta shi da wanda muke kira taransfaren LED a harkarmu, wanda ake mannawa a gilashin manyan shaguna, wannan ba OLED ba ne, ƙananan fitilun LED ne na gaske aka jera a kan siraran sanduna aka bar fili a tsakani, daga nesa ka ga hoto, in ka matso ka ga raga. Shi ya fi haske sosai, yana iya da rana, ya fi araha, in fitila ta mutu a canza layin. Mu P3.91 muka fi ɗauka wa biki, wato tazarar fitila da fitila milimita 3.91, in mutum ya zauna kusa sosai sai ya riƙa ganin ɗigo-ɗigo a fuskar amarya shi ya sa muke ja da shi baya.

Abba_Sola:
To ai kun ga magana ta ta fito, LED ne dai

Usman_Alluna:
Abba kai dai ba ka son a kayar da kai. Uku ne fa daban-daban, naka na ɗaki LCD mai fitilar baya, namu na biki LED tsantsa, na bidiyon OLED. Akwai ma na huɗu, Samsung sun nuna Micro LED mai gani ta ciki a wannan baje kolin na 2024 ɗin, shi fitilun ƙanana ne ƙwarai ba na kabon ba.

Bappa_Kumo:
Ina da tambaya. In ana hangen baya, to in fim ya nuna dare fa? Baƙin daga ina zai zo?

Malam_Kemistri:
Bappa ranka ya daɗe ka kama su a inda suke ɓoyewa. Babu baƙi. A OLED baƙi yana nufin ɗigon ya mutu bai kunna ba, a waya sai ka ga baƙi wuluk domin bayan a rufe yake, shi ya sa ma sa waya a yanayin duhu yake rage shan caji a AMOLED. A wannan kuwa in ɗigon ya mutu abin da ke baya za ka gani, in bangonka fari ne to daren fim ɗin fari ne. Su LG da kansu sun san haka, sai suka sa wani baƙin labule a ciki da yake naɗe a ƙasa, in za ka kalli fim ka danna rimot ya taso ya rufe bayan ya koma tibi kamar kowane.

Bappa_Kumo:
Wato ka biya miliyan casa'in don a cire bayan, sannan ka danna rimot a mayar da bayan. Madalla.

UmmuHanif:
Hhhhhh wayyo cikina Bappa ka kashe ni

Goggo_Tudunwada:
Kun ga ko su ma sai da suka koma ga labulen

Mai_Gidan_Kallo:
Jama'a ni abin da zan ja kunnen 'yan'uwa masu gidan kallon ƙwallo, ko wanda ba a gani ta cikinsa kar ku sa OLED. Wani abokin sana'armu ya samo tokunbo babba mai kyau wlh hoton kamar ka sa hannu ka taɓa ciyawar filin, mutane suka yi ta tururuwa, to ka san mu daga azahar har tsakar dare tasha ɗaya ce, tambarin tashar da akwatin ci da agogo suna wuri ɗaya ba sa motsi, ba a rufa shekara ba sai ga inuwarsu ta zauna daram a kusurwa, ko fim ka sa tana nan. Ya kai gyara aka ce ba gyara sai canjin allo, kuɗin allon kuma ya kusa kuɗin tibin. Ga kuma wutarmu da take zuwa da ƙarfi ta koma, ga janareto. Mu dai LCD ɗinmu ya ishe mu in fitila ta ƙone Injiniya ya canza mu ci gaba.

Injiniya_Habu:
Wannan gaskiya ne, ɗigon da ya fi aiki shi ya fi saurin tsufa, sai ya rage haske ya bar sauran, inuwar da kake gani kenan. Sababbin suna da dabarar ɗan matsar da hoto da rage hasken tambari, ya ragu sosai, amma ga gidan kallo ni ma ba zan ba da shawara ba. Kuma tokunbo ba ka san awa nawa ya yi a can ba kafin ya zo hannunka.

Malam_Kemistri:
Shuɗi ne ya fi ba su wahala a cikin launukan uku, domin haskensa ya fi ƙarfi, ƙarfin nan kuma yana iya tsinka ginin ƙwayar da kanta. Ja da kore an daɗe da samo musu sinadarai masu iridiyam waɗanda suke mayar da kusan duk wutar da ta shiga haske, alhali tsohuwar hanyar kashi 25 kawai take iya amfani da shi sauran 75 ya tafi a zafi. Shuɗin ne ya daɗe a tsohuwar hanyar. Chihaya Adachi na jami'ar Kyushu a Japan ya fito da wata hanya a 2012 da ake kira TADF wadda ba ta buƙatar ƙarfe mai tsada, ana ta aiki a kai. Ko a LED na fitila ma haka aka sha fama, ja da kore sun daɗe da samuwa, shuɗi sai farkon shekarun 1990, har Akasaki da Amano da Nakamura suka samu kyautar Nobel a 2014 a kansa, ba don shi ba da babu farin ƙwan sola da muke kunnawa yanzu.

Ardo_Billiri:
To Malam ga jami'ar ATBU ta Bauchi ga jami'ar jiha ga ta Kashere, duk akwai sashen kemistri, me zai hana su gwada? Ko sai mun jira Japan?

Malam_Kemistri:
Ardo haɗa sinadarin a gwada ko yana haske a ƙarƙashin fitilar UV, irin ta duba jabun kuɗi, wannan ɗalibin digiri na biyu mai naci zai iya in an ba shi kayan aiki. Lissafin ginin ƙwayar a kwamfuta ma ana iya yi daga nan. Inda gizo ke saƙar shi ne mayar da shi allo, kana buƙatar injin zuƙe iska, akwatin aiki da babu oksijin a ciki, ɗaki mara ƙura, da wutar da ba ta ƙiftawa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi kaurin shafin gaba ɗaya sau da yawa, ka tuna hazon Disamba a garin nan. Ko a duniya ma Koriya ta Kudu da China ne suka riƙe yin allunan, Japan da ta fara fitar da tibin OLED, Sony XEL-1 mai inci 11 a 2007, ita ma an bar ta a baya wajen yin allon.

Ardo_Billiri:
Ban gamsu ba dai. Su ma ai da ƙurarsu suka fara.

Hafsat_Fashion:
Ku yi haƙuri na zo a makare na karanta daga sama. @Usman_Alluna ni wancan na ragar da ka ce ana mannawa a gilashin shago shi ya ja hankalina, shagon ɗinki da atamfa gare ni gilashin gaban babba ne yana kallon titi, in na sa shi mutane za su ci gaba da ganin kayan da na rataye? Kuma inbata 1.5 za ta ɗauka ko sai na ƙara batir? Kar in je in sa abu rana ta gasa shi domin gilashin yamma yake kallo.

Usman_Alluna:
Hajiya da rana za a ga kayan in cikin shagon yana da haske, da dare kuma in allon ya ƙure haske shi zai rinjaya sai kin rage shi. Maganar inbata ya danganta da faɗin gilashin da irin hasken da kika zaɓa, ana lissafinsa ne da murabba'in mita, ki auno min tsawo da faɗi ki turo, ki kuma gaya min fanka nawa da keken ɗinki nawa ke kan inbatar yanzu. Ranar yamma kuwa sai an bar ɗan fili tsakaninsa da gilashin iska ta riƙa wucewa, ko ki sa rumfa a waje.

Dan_Jekadafari:
Sadiq in na shigo kasuwa gobe akwai mataccen sikirin AMOLED a wurinka? So nake ka ɓare min bayan in kai majalisa su ɗaga a rana da hannunsu, domin mutumin da ya ce editin ne har yanzu yana kan bakansa.

Sadiq_GSM:
Akwai su cike da kwali oga, ka zo bayan la'asar kafin nan ina da aiki a hannu. Amma ka gaya masa kar ya sa rai zai ga garau irin na bidiyon, na waya kaɗan yake bari, ja-ja za ku gani.

Abba_Sola:
@Hafsat_Fashion kafin ki sayi komai ki bari in zo in duba batiran nan, 1.5 da keken ɗinki a kai ina shakka, tubula ne ko lithium?